Yadda Ake Renon Ƙananan Gansakukar Teku: Fara Sanin Inda Ta Fito

Gansakukar da muke nufi a nan ba wadda ke yin shimfiɗa kore shar a saman kududdufi ba ce. Ta teku ce, mai ƙwayar halitta ɗaya tak, wadda ido ba ya ganinta sai ta yi miliyoyi ta rina ruwa. Yawancin waɗanda ake reno girmansu tsakanin maikuromita 2 ne zuwa 20, kuma maikuromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Duk da wannan ƙanƙanta, kusan rabin aikin mayar da hasken rana abinci da ake yi a duniya su ke yin sa. Da su ake ciyar da jariran kawa da na jatan lande a wuraren ƙyanƙyasa, da kuma ƙananan halittun da 'ya'yan kifin teku ke fara ci.

Mai koyo yakan fara da tambayar wane taki zai zuba. Akwai tambayar da ta riga wannan: daga wane ruwa wannan nau'in ya fito? Teku ba wuri ɗaya ba ne, kuma kowane nau'i yana shigowa kwalbarka da halin gidansu. In ka san gidan, rabin ma'aunin da za ka bi ka riga ka same shi.

Kowane nau'i da gidansa

A gaɓar Feru da Namibiya da Moritaniya da Kalifoniya, iska tana tura ruwan da ke sama ya yi nesa da gaɓa, sai na ƙarƙashi mai sanyi ya taso ɗauke da naitiret da fosfet da silika, sinadaran da gansakuka ke ci. Nan ce fadar dayatom, wato masu ɓawon gilashi irin su Chaetoceros da Skeletonema. Ɓawon yana da nauyi, ba su kuma da bulalar iyo, saboda haka da ruwa ya kwanta sai su nutse su rabu da haske. Abin da suke so shi ne ruwa mai motsi da abinci a wadace. In suka samu sukan ninka kansu sau ɗaya ko biyu a yini, su cinye abin da ke akwai, su zube. A kwalba ma haka suke: su ne masu saurin tashi, su ne masu saurin faɗuwa.

Tsakiyar teku a yankuna masu zafi kuwa hamada ce ta ruwa. Garau yake, haske yana ratsa shi har zurfin mita 150 ko fiye, amma abinci kusan babu. Mai mulki a can ita ce Prochlorococcus, 'yar mitsitsiya mai kimanin maikuromita 0.6, wadda a ƙa'idar masana ma bakteriya ce mai cin haske. Sai a 1988 Sallie Chisholm da abokan aikinta suka bayyana ta, alhali babu wata halitta mai cin haske da ta kai ta yawa a duniya. Ta saba da ruwa mai tsabta har ta kai ɗan ɓurɓushin jan ƙarfe yana hana ta girma. Wannan ba ta mai koyo ba ce.

Inda ruwa ya natsu ya yi hawa-hawa, mai ɗumi a sama mai sanyi a ƙasa, masu bulala biyu da ake kira dainofilajelet ne ke cin karensu babu babbaka. Suna iyo, don haka da yawansu kan hau sama da rana su sha haske, su sauka da dare inda abinci yake. Girgiza ba ta karɓe su ba; busa musu iska da ƙarfi yana iya tsayar da rabuwarsu. A cikinsu akwai masu guba, irin su Alexandrium da Karenia brevis wadda ke rina ruwan gaɓar Fulorida. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai hana ka ɗebo ruwan teku ka zuba masa taki ka ciyar da dabba da duk abin da ya tsiro.

Sai kuma bakin kogi inda ruwan daɗi ke haɗuwa da na gishiri, da ramukan duwatsun gaɓa waɗanda rana ke ƙafar da su yau, ruwan sama ya cika su gobe. Mazauna irin waɗannan wurare, su Tetraselmis da Nannochloropsis, sun saba da sauyi. Shi ya sa suka zama jakunan aikin wannan sana'a.

A can ƙarshen bango akwai Dunaliella salina, mai zama a tafkunan gishiri irin Hutt Lagoon a yammacin Ostireliya, inda gishirin kan kusan ninka na teku sau goma. Tana tara gilisarol a cikinta don kada gishiri ya tsotse mata ruwan jiki. A ɗaya ƙarshen kuma ga Fragilariopsis cylindrus, dayatom da ke rayuwa cikin ƙananan kafofin ƙanƙarar teku a Antatika, inda sanyi ya gangara ƙasa da sifiri.

Wani abu da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai: a Tekun Kudu da ke kewaye da Antatika akwai naitiret da fosfet jibge, amma gansakuka ba ta cika ba. A ƙarshen shekarun 1980 masanin teku John Martin ya dage cewa sinadarin ƙarfe ne babu, gwaje-gwajen da aka yi daga baya kuma suka nuna ƙarin ƙarfe na tayar da ita. Riƙe wannan, domin irinsa yana faruwa a kwalba: abin da ya fi ƙaranci shi ke yanke hukunci, komai yawan sauran.

Zaɓen abin da za ka fara da shi

Mai farawa ya ɗauki Nannochloropsis oculata ko Tetraselmis suecica. Ta farkon ƙarama ce, maikuromita 2 zuwa 4, ba ta iyo, tana da kitsen EPA, wani kitse mai amfani ga 'ya'yan kifi, kuma tana da haƙuri da kuskure. Ta biyun ta fi girma, tana da bulala huɗu, tana da sauƙin gani a madubin ƙara girma, sai dai tana son kwanciya a gindi da mannewa a bango in motsi ya yi kaɗan. Isochrysis galbana da 'yar uwarta Tisochrysis lutea, wadda aka samo daga Tahiti, launinsu ruwan ƙasa ne mai ɗaukar ido kamar zinariya, suna da kitsen DHA, ɗan'uwan EPA, amma ƙazanta kaɗan takan kayar da su. Dayatom irin su Chaetoceros muelleri a bari sai hannu ya faɗa.

Irin farko a samo shi daga rumbun adana iri da aka sani, kamar NCMA da ke Bigelow a jihar Maine ta Amurka, ko CCAP da ke Oban a Sikotilan, ko na Roscoff a Faransa. Suna aiko shi da bayanin zafi da gishiri da abincin da ake riƙe shi a ciki. Kada ka raina wannan takarda. A makon farko ka kwaikwayi abin da ke cikinta daidai, sannan ka fara matsawa zuwa naka yanayin a hankali.

Ruwa da gishirinsa

Gishirin teku a matsakaici giram 35 ne a kowane kilo na ruwa. Abin mamaki, da yawa daga nau'o'in da ake reno sun fi sakewa a ƙasa da haka: dayatom a 20 zuwa 25, masu bulala a 25 zuwa 30. Sirkawa lissafi ne mai sauƙi. In ruwanka 35 ne kana son 25, raba 25 da 35, ka sami kusan kashi 71 cikin ɗari. Wato a lita 20, lita 14.3 na teku ne, lita 5.7 ruwan daɗi marar kulorin. Ka auna da ma'aunin gishiri na hannu wanda ake ɗiga wa ruwa a leƙa, ka kuma riƙa gwada shi da tataccen ruwa don ka tabbatar yana nuna sifiri. In za ka sauya wa iri gishiri, kada ka wuce tazarar 5 a dashe ɗaya, wato duk lokacin da ka mayar da irin cikin sabon ruwa.

Ruwan teku a ɗebo shi nesa da tashar jiragen ruwa da magudanar gari, a tace shi da matata mai maikuromita 5, sannan mai 1. Wanda ba ya kusa da teku ya yi amfani da haɗaɗɗen gishirin da ake yi don kifin teku na ado. Gishirin girki ba ya aiki, domin ba shi da maganiziyom da kalsiyom da salfet da bayikabonet a ma'aunin da ruwan teku ke da su. Kuma duk ruwan da ya kwana cikin bututun jan ƙarfe a guje shi.

Bayan tacewa sai kashe abin da ya tsira. Ƙananan kwalabe a sa su a tukunyar matsin tururi a digiri 121 na minti 15 zuwa 20, manya su fi haka daɗewa. Ga wani abu da ake yawan mantawa: zafin yana korar iskar kabon daga ruwan, pH, wato ma'aunin tsamin ruwa wanda ke hawa in tsami ya ragu, ya haura, wani lokaci har ka ga farin gari ya kwanta a gindi. Ka bar ruwan ya huce ya kwana ɗaya ko biyu da toshiyar auduga, iskar ta koma, kafin ka zuba iri. Ruwa mai yawa kuwa bilic ake sa masa: mililita 0.5 na mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari, marar turare, a kowace lita. Wannan ya ba da kulorin kimanin miligiram 25 a lita. A bar shi wasu awoyi ko ya kwana, sannan a kashe kulorin da miligiram 50 na sodiyom tayosalfet a kowace lita, a busa iska, a gwada da abin gwajin kulorin. Gwajin nan wajibi ne. Ragowar kulorin da hanci ba ya ji tana iya mayar da irinka fari fat cikin awa guda.

Abinci

Haɗin da aka fi amfani da shi shi ne f/2, wanda ya samo asali daga aikin masana Guillard da Ryther na 1962. A kowace lita ta ruwan teku ana son miligiram 75 na sodiyom naitiret, da miligiram 5 na sodiyom fosfet mai haidirojin biyu, sai miligiram 30 na sodiyom silikat in dayatom ake reno. Ba a auna waɗannan ƙananan adadi kai tsaye. Ana narka giram 75, da giram 5, da giram 30, kowanne a litarsa daban ta tataccen ruwa, sannan a riƙa ɗibar mililita 1 daga kowace kwalba ga kowace litar ruwan reno.

Kwalba ta huɗu ta ƙarafa ce: giram 3.15 na ferik kuloraid da giram 4.36 na EDTA a lita, tare da ɗan manganis da zinki da kobalt da molibdinom da jan ƙarfe kaɗan ƙwarai. Ita ma mililita 1 a lita. Amfanin EDTA shi ne riƙe ƙarfen a narke. In babu shi, ƙarfe a ruwan teku yakan koma tsatsa ya kwanta, gansakuka na kallonsa ba ta iya ci. Ta biyar bitamin ce: miligiram 200 na B1, da miligiram 1 na bayotin, da miligiram 1 na B12 a lita, ana zuba rabin mililita. Zafi yana lalata bitamin, don haka a tace ta da matata mai maikuromita 0.2, a raba ƙananan kwalabe a daskarar, a zuba bayan ruwa ya huce. Kimanin rabin nau'o'in gansakukar da aka bincika ba sa iya rayuwa sai da B12 daga waje, kuma Isochrysis na cikinsu. Rashinta ba ya nunawa nan take. Sai a dashe na uku ko na huɗu ka ga girma yana ja da baya ba ka san dalili ba.

Silika tana da nata hukunci. Dayatom ba ta rabuwa biyu sai ta gina sabon rabin ɓawo, saboda haka ranar da silika ta ƙare ranar rabuwa ke tsayawa, ko da naitiret na nan a cike. Ga waɗanda ba dayatom ba kuwa kada a zuba ta sam. Tana kawo hazo a ruwa, tana kuma shimfiɗa wa baƙin dayatom tabarma.

A teku gansakuka tana ɗaukar kabon da naitirojin da fosfarus a kan kusan 106 da 16 da 1, ma'aunin da ake kira da sunan Alfred Redfield. A f/2 naitirojin ya ɗara haka kaɗan, kimanin 24 ga kowane fosfarus 1. Masu manyan tankuna a waje sukan koma takin gona, yuriya ko amoniyom salfet da sufafosfet, saboda yawan ruwan. Yana aiki ga masu ƙarfi irin Nannochloropsis, amma da sharaɗi: in pH ya kai wajen 9.3, kusan rabin amoniyom ya zama amoniya mai guba. Tankin da ya kwana lafiya yana iya mutuwa da la'asar saboda wannan kawai.

Haske, inda aka fi yin kuskure

Ana auna ƙarfin haske da lux, kuma ƙaramar kwalbar iri lux 1,000 ya ishe ta. Manyan kwalabe da tankuna suna son 5,000 zuwa 10,000, domin hasken sai ya ratsa ruwa mai kauri. Dogon ƙwan lantarki fari ko farin LED duk suna yi. A guji ƙwai mai zafi. Awa 16 na haske da 8 na duhu ma'auni ne mai kyau. Wasu nau'o'in suna jure haske dare da rana, amma da yawa a cikin duhu suke rabuwa, kuma ba a asarar komai in an ba su daren. Sa agogon kashewa da kunnawa, kada ka dogara da tunawa.

Abin lura shi ne adadin hasken da ke bakin kwalba ba shi ne wanda ƙwayar ke samu ba. Ɗauki kwalbar lita 20 da aka zuba wa iri yau. Ruwan kusan garau yake, in ka sa hannunka a bayanta kana ƙirga yatsunka. A wannan hali kowace ƙwaya tana shan hasken gaba ɗaya, babu mai yi mata inuwa, kuma hasken da ya wuce kima yana lalata sashen da ke kama shi a cikin ƙwayar. Sai ka ga kwana biyu ruwan bai ƙara launi ba, ya ma koɗe. Bayan kwana biyar kuwa, in komai ya tafi daidai, hannun nan ba ka ganinsa. Yanzu santimita biyu ko uku na bakin gilashi ne kaɗai ke da haske, tsakiya dare ne. Ƙwan da ya yi yawa ranar farko ya zama bai isa ba. Dabarar ita ce ka fara da ƙwai ɗaya ko ka nisanta kwalbar, ka ƙara haske yayin da launi ke kauri. Kwalba siririya doguwa ta fi ƙatuwa mai faɗi ba da yawa a lita, saboda wannan dalilin. Haka kuma kududdufan reno na waje ba a zurfafa su. Santimita 20 zuwa 30 ake yi.

Rana kai tsaye kan haura lux 100,000. Kwalbar iri a bakin taga tana samun wannan haske da zafinsa a lokaci ɗaya, kuma da wuya ta kai mako.

Zafi

Yawancin nau'o'in da ake reno suna rayuwa tsakanin digiri 16 da 27, sun fi jin daɗi a 18 zuwa 24. Ƙasa da 16 girma yana rarrafe, sama da 35 da yawa suna mutuwa. A nan ma asali ne ke magana. Tisochrysis ta Tahiti da Chaetoceros muelleri suna tafiya lafiya har wajen 30, amma Phaeodactylum tricornutum ta fi son kusan 20, tana fara wahala in an wuce 25. Wanda ɗakinsa ke da zafi ya zaɓi nau'in ruwan zafi tun farko, ya fi masa sauƙi a kan yaƙi da yanayi. Ma'aunin zafi a cikin ruwan ake sa shi, ko a kwalbar gwaji da ke jere da sauran, domin ruwan da ke gaban ƙwai yakan fi ɗakin zafi. Sanyi yana jinkirtawa ne kawai, zafi kuwa kisa yake yi, kuma tazarar da ke tsakanin mafi kyawun girma da mutuwa a ɓangaren zafi 'yar kaɗan ce.

Iska da pH

Busa iska ayyuka uku take yi: tana hana kwanciya, tana juya ƙwayoyin tsakanin haske da duhu, tana kawo iskar kabon. A tura ta ta matata mai maikuromita 0.2 zuwa 0.45, a saukar da bututu har gindin kwalba. Bututu mai buɗaɗɗen baki ya fi dutsen kumfa, domin dutsen maɓoyar bakteriya ne, ƙananan kumfansa kuma suna kwashe ƙwayoyi su liƙa su a wuyan kwalba su bushe. Ƙarfin iskar ya zama ruwan yana juyawa duka, ba yana fantsama ba. Ƙananan kwalaben iri ba a busa musu komai, girgizawa da hannu sau ɗaya ko biyu a yini ta isa.

Ruwan teku pH ɗinsa wajen 8.1 ne, renon kuma ya fi kyau tsakanin 8.2 da 8.7. Matsalar ita ce iskar da muke shaƙa kabon ɗinta kashi 0.04 ne kacal cikin ɗari. Da ruwa ya yi kauri, gansakuka tana zuƙe kabon fiye da yadda famfo ke kawowa, pH ya kama hawa. In ya wuce 9, fosfet da ƙarfe suna fara kwanciya, ƙwayoyi su dunƙule, girma ya tsaya. Maganinsa a gauraya iskar kabon daga tukunyar gas cikin iskar da ake busawa, kimanin kashi 1 cikin ɗari, lokacin haske kawai. Da dare a rufe, domin a duhu su ma kabon suke fitarwa, pH yana sauka da kansa. Awon da ke gaya maka gaskiya shi ne na ƙarshen lokacin haske. Na safe kullum kyakkyawa ne, yaudara ce. Kuma kada a nemi saukar da pH da zuba asid: lambar za ta sauka, yunwar kabon tana nan.

Dashe daga ƙarami zuwa babba

A riƙe irin asali a kwalabe masu cin mililita 250 da aka zuba wa 100, da toshiyar auduga, a haske mai laushi da wuri mai ɗan sanyi. Kowane nau'i kwalba biyu ko uku, a sabunta su duk mako biyu, dayatom masu sauri kuwa duk mako. Daga nan ake hawa: mililita 100 zuwa lita 1, lita 1 ko 2 zuwa lita 10 ko 20, daga nan zuwa lita 200. A kowane mataki irin ya zama kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na sabon ruwan. Rowar iri ba ta da riba. In ya yi kaɗan, haske ya buge shi, baƙi kuma su riga shi cin abincin.

Tafiyar hanya ɗaya ce. Abin da ya fita daga ƙaramar kwalba ba ya komawa, kuma bututu ko abin ɗiba da ya taɓa tanki ba ya kusantar irin asali. In kana da nau'i fiye da ɗaya, kowanne da kayansa. Ɗigo ɗaya na Tetraselmis a kwalbar Isochrysis ya isa ta ƙwace gidan.

Girman yana da zango. Kwana ɗaya ko biyu na farko shiru ne, irin yana sabawa. Sai zangon ninkawa, sai ya fara gajiya, ya tsaya cik, ya faɗi. Dashe da girbi duka a ƙarshen zangon ninkawa ake yin su, galibi tsakanin kwana 3 da 7 gwargwadon nau'i da zafi. Irin da aka ɗiba bayan ya tsaya yakan daɗe bai farfaɗo ba, yana kuma tafe da tarin bakteriya.

Ido yana ruɗi, don haka a ƙirga. Gilashin ƙirga ƙwayoyin jini shi ake amfani da shi. Babban murabba'insa milimita 1 ne a 1, zurfinsa milimita 0.1, saboda haka abin da ka ƙirga a ciki ka ninka sau 10,000 ka sami adadin mililita ɗaya. Masu iyo a tsayar da su da ɗigon ruwan aidin na Lugol. In ka ƙirga 100 ranar Litinin, wato miliyan 1, ka ƙirga 400 ranar Laraba a daidai wannan lokaci, ta ninka kanta sau biyu ke nan a kwana biyu, sau ɗaya a yini. Ranar da ƙirgar ta kasa kai abin da ta saba, lokacin girbi ya yi. Kada a gwama adadin nau'i da nau'i: Tetraselmis miliyan 1 ko 2 a mililita ta yi kauri sosai, alhali Nannochloropsis tana kai miliyoyi gommai. Mai son girbi kullum yana iya ɗibar kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari kowace rana ya mayar da sabon ruwa mai taki, amma bayan 'yan makonni bango zai yi datti, sai an sake sabo.

Wani lokaci ana wahalar da gansakuka da gangan. Nannochloropsis da aka bari naitirojin ya ƙare mata tana tara mai da yawa, sai dai kason EPA a cikin man yana raguwa, don haka mai ciyar da 'ya'yan kifi ba ribarsa ba ce. Dunaliella kuma kore take a lokacin jin daɗi. Sai an haɗa mata gishiri mai tsanani da rana mai ƙarfi da ƙarancin naitirojin take tara sinadarin launi da ake kira beta-karotin ta koma ja. Yanayin da ke kawo yawa daban, wanda ke kawo launi daban, shi ya sa ake raba aikin zango biyu: a tara yawa tukuna, sannan a matsa.

In ya lalace

Ruwa ba ya tsami banza, kuma kamannin lalacewar yakan nuna mai laifi. Kafin komai ɗauki ɗigo ka duba a madubi.

In ruwan ya washe cikin dare ɗaya ko biyu, ya bar ƙananan dunƙule a gindi, nemi masu kiwo, wato masu cin gansakukar: ƙananan halittu masu gashi a jiki da ke zirga-zirga da gudu, ko rotifa, ko amiba. Rotifa ana iya tace ta da ƙyallen tata mai maikuromita 40 zuwa 50 a tsirar da ƙananan nau'o'i na ɗan lokaci, amma masu gashin nan suna bi ta ciki su wuce. Hanyar shigarsu kusan kullum ɗaya ce daga uku: matatar iska da ta jiƙe, ruwan da bai gama tsarkaka ba, ko hannu da kayan aiki.

In ya yi hazo fari-fari da kumfa mai yauƙi da wari, bakteriya ce ta samu matattun ƙwayoyi, ma'ana an bar shi ya tsufa ko zafi ya buge shi. Kore da ya koma rawaya a hankali, ƙwayoyin kuma lafiyarsu ƙalau a madubi, yunwar naitirojin ce ko ta ƙarfe. Fari fat jim kaɗan bayan dashe kulorin ne, ko haske, ko tazarar gishiri da zafi tsakanin tsohon ruwa da sabo. Reno mai launin ruwan ƙasa da ya fara juyawa kore alama ce wani nau'in ya shigo. A tankin waje kuma a riƙa auna gishiri kullum, domin rana tana ƙafar da ruwa ta bar gishirin, sai a cike gurbin da ruwan daɗi, ba na teku ba. Ruwan sama mai yawa kuma yakan kwanta a sama ya sirka shi farat ɗaya.

Tankin da ya faɗi ba a jinyarsa. A zuba masa bilic kafin a zubar, musamman in nau'in baƙo ne a wannan gaɓar, don kada ya shiga ruwan wurin da rai. A wanke da buroshi, a jiƙa da ruwan asid mai rauni don ya cire farin ɓawon da ke manne a bango, a ɗauraye sau da yawa, a bar shi ya bushe sarai. Asid da bilic kada su haɗu ko kusa, domin suna fitar da iskar kulorin mai kisa. Tiyon iska a sauya sabo, sannan a koma kwalbar irin asali a duba ta a madubi kafin a sake hawa daga mililita 100.